Hattara da Ramukan Ƙasa a Farkon Damina

Mu mutanen ƙasar Funtuwa da Malumfashi, da an yi ruwan fari sai murna ta cika gari. Manomi ya ɗauko irin masara da auduga, yara su fita suna tsalle cikin ruwa. Ruwan da muke tsoro shi ne na malka, watau na watan Agusta. Amma a ganina ruwan fari ma abin tsoro ne, musamman ga mai shiga ramin haƙar ƙasa ko yashi.

Ga dalili. Duk tsawon rani ƙasa tana bushewa tana tsagewa, musamman mai laka irin tamu. Da ruwan watan Mayu ko Yuni ya sauka, sai ya bi ta waɗannan tsagogi ya shige ciki. Ƙasar ta ƙara nauyi, ƙarfin da ke riƙe da ita kuwa ya ragu. Daga sama sai ka ga ta sha iska kamar ba komai, alhali cikinta ya jiƙe. To, a daidai wannan lokaci ne ake rububin ɗiban ƙasar yaɓe, don ta yi taushi, kowa kuma yana son gyara katangarsa kafin ruwa ya kankama. Sai a bi gindin rami ana rarakewa, a bar saman yana reto kamar rumfa.

Kada wani ya ce ai ƙasa ce kawai. Ƙasa mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, da zurfin mita 1 ta fi buhun masara 10 masu kilo 100 nauyi. Wa zai iya numfashi a ƙarƙashin wannan? Ni da idona na ga an zaro wani yaron ƙauyenmu daga irin wannan rami, bayan an aike shi ɗebo ƙasa washegarin ruwa. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau ɗingishi yake yi.

Abin bai tsaya a kanmu ba. A farkon watan Yuni na 2024, bayan ruwa mai ƙarfi, ramin haƙar ma'adinai ya rufta da mutane masu yawa a Galkogo, cikin Ƙaramar Hukumar Shiroro ta Jihar Neja. Can a ƙasashen sanyi ma, irin su Suwizalan, idan ruwa mai ɗumi ya sauka a kan ƙanƙarar da ta taru bisa duwatsu, takan yi nauyi ta zamo gaba ɗaya ta binne matafiya. Shi ya sa hukumominsu ke fitar da gargaɗi kullum a lokacin sanyi. Tasu ƙanƙara ce, tamu ƙasa, amma hanyar ɓarnar iri ɗaya ce.

Na san wani zai ce siminti ya yi tsada, talaka ba shi da abin gini sai jar ƙasa. Gaskiya ne, ni ma ɗakin da na tashi a ciki na ƙasa ne. Ban ce a daina haƙa ba. Cewa na yi a tara ƙasar yaɓe tun da bazara. In kuwa ya zama dole, a sara daga sama hawa-hawa kamar matakala, kada a rarake gindi. Kada a jibge ƙasa ko a tsai da amalanke a bakin rami. Kada mutum ya tafi shi kaɗai. In an ga tsaga a baki, ko ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan, ko ruwa yana tsattsafowa daga bango, a fita nan take. Masu kiwo kuma su daina fakewa a gindin gaɓar kwazazzabo in hadari ya taso.

Iyayenmu, don Allah ku daina aiken yara rami washegarin ruwa. Katanga in ta faɗi a sake ta, ɗa fa? Dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela, limamai su tunatar a masallatai. Mu kuma ɗalibai, in mun je gida hutu, mu gaya wa ƙannenmu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrinta, amin.