Guntayen Katako Ba Shara Ba Ne

A wannan wata za mu leƙa rumfar kafintoci ne, amma ba don kujera ko gado ba, don tarin guntayen da ke zube ƙarƙashin teburinsu.

Kowa ya san yadda masassaƙanmu ke aiki tun kaka da kakanni. A sare kirya ko maɗaci, a yanko gungume, a sa gizago a ƙwaƙule cikinsa har turmi ko akushi ya fito. Abin da ya zube ƙasa ya fi wanda aka kai kasuwa. Da can daji na kusa, ba wanda ya damu. Yau mai neman babban gungume sai ya yi nisa da Garwa, maɗobiya kuwa tun 2017 aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu.

To, a Turai da Amurka akwai masu yin tulun ado ba tare da gungume ba. Suna yanka katako ƙanana-ƙanana, su manne su da gam su zama zobe, su ɗora zobe kan zobe, mai faɗi a ciki, matsattse a wuya. In ya bushe sai a ɗaura shi a injin da ke juya katako, a kara masa ƙarfe mai kaifi yana fere shi har ya yi sumul, a bi da samfefa da mai.

Asirin abin lissafi ne, irin wanda yaranmu ke hamma in muna koya musu. Da'ira digiri 360 ce. In zobe zai ci yanki 12, kowane yanki ya sami 30, wato a karkata zarto da digiri 15 a kowane gefe. Kuskuren rabin digiri kaɗai, in ya maimaitu sau 24, ya isa ya hana zoben rufuwa. Sannan dole katakon ya bushe sarai, in ba haka ba hunturu na shigowa zai tsage ta wurin manni.

Kayan aikin kuwa muna da su. Katakon kudu, iroko da sapeli da farin ayus, jirgin ƙasa ke sauke shi a Ngaundare, manyan motoci su ƙaraso da shi. Ragowarsa masu tuyar ƙosai ke kwasa su hura wuta. Ja da fari in aka jera su cikin zobe, ado ya samu ba fenti.

Ba mu ce wannan zai gāji turmi ba. Abin da aka manne ba ya jure taɓarya, kuma ba a zuba masa ruwa. Amma masu sayen kayan ado a kasuwar masu aikin hannu ta Garwa da ta Marwa ba daka suke zuwa yi ba. Rokonmu ga iyaye masassaƙa shi ne su tura ko da yaro ɗaya sashen aikin katako na makarantar koyon sana'a, ya koyi injin, ya dawo rumfar mahaifinsa da shi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.