Wa Ke Da Ikon Sunan Rano a Intanet?

Tun daga ranar 11 ga Yuli, 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, nauyin da ke kan sakatariyar Rano da ta Kibiya ya ƙaru. Hukumar da za ta riƙe kuɗin jama'a wajibi ne ta kasance da adireshin da talaka zai gane nata ne, ko a takarda ko a intanet.

Tsarin yana nan. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da adireshin Nijeriya, wato .ng. A ƙarƙashinsa an keɓe wasu sassa da ba a sayar wa kowa: .gov.ng na hukumomin gwamnati ne, kuma hukumar NITDA ke tantance masu nema; .edu.ng na manyan makarantu ne; .mil.ng na soja. A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa ma'aikatunta yin aikin gwamnati da .gov.ng. Amfanin wannan a fili yake. Ɗalibin da ya ga sanarwar ɗaukar ma'aikata, ƙarshen adireshin ne zai fara nuna masa ko hukuma ce ke magana ko ɗan damfara.

Inda gizo ke saƙa shi ne sunan wuri kansa. Rano gari ne, ƙaramar hukuma ce, kuma masarauta ce. An ɗaga ta a 2019, aka rushe ta a watan Mayu na 2024, sannan aka maido da ita a matsayi na biyu, da Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta. To, idan sakatariya da fada da ƙungiyar 'yan asalin gari duk suka nemi sunan, wa za a ba? Idan kuma wani ɗan kasuwa a Ikko ya riga su fa?

Ba tambayar banza ba ce. Kamfanin Amazon ya nemi .amazon a 2012, ƙasashen Barazil da Peru suka ce sunan kogi ne da yankinsu. An shekara bakwai ana ja-in-ja kafin hukumar ICANN ta bai wa kamfanin a 2019. Su ma injiniyoyin IETF, da suka keɓe sunaye irin su .test da .example tun 1999, sai da suka rubuta ƙa'ida a 2013 mai tambayoyi bakwai da duk mai son a keɓe suna zai amsa. Da ita aka keɓe .onion a 2015.

Abin da ya kamata shi ne Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi ta Jihar Kano ta zauna da NITDA da NiRA, a tabbatar an killace sunayen ƙananan hukumomi 44 da na masarautu, a kuma buga ƙa'idar da Hausa: wa ya cancanta, wa ke sa hannu, ina ake kai ƙara. Rajistar kuma ta kasance da sunan ofis, kada ta zama da sunan shugaban da wa'adinsa zai ƙare ko ɗan kwangilar da ya gina shafin. A sa mabuɗan adireshin cikin takardar miƙa mulki, tare da motoci da littafin asusu.