Jaka a Ƙofar Filin Wasa

Ranar da Gombe United take wasa a Filin Wasa na Pantami, 'yan kallo sukan yi layi a bakin ƙofa, jami'an tsaro suna bincika su. Wasu suna ganin buɗe jakar mutum wulaƙanci ne. Ni ban yarda da su ba. Kwalba ɗaya da aka jefi alƙalin wasa da ita tana iya jawo wa ƙungiya tara, ko ma a hana magoya bayanta shiga fili. Saboda haka, mazaunin gari ya bar babbar jaka a gida. Tikiti da waya da kuɗin mota, aljihu ya ishe su.

Amma akwai wanda ake mantawa da shi: baƙon da ya taso daga Kumo ko Bajoga, ya yi sayayya a kasuwa, sannan ya wuce kallon ƙwallo. Ina zai ajiye kayansa? A ganina, ya kamata a keɓe ɗaki kusa da ƙofa, a karɓi jakarsa, a ba shi lamba. In an tashi wasa, ya miƙa lambar, ya ɗauki kayansa, ya nufi tasha kafin magariba.