Sabon Hannu Da Tsohon Hannu: Me Kamfanonin Haɗa Manhaja Suke Dubawa Kafin Su Ɗauke Ka?

Matasanmu da yawa sun shiga koyon haɗa manhaja, abin farin ciki ne. Sai dai wani yau yana kan Python, gobe JavaScript, jibi ya koma Flutter, ga satifiket fal a waya, amma ko manhaja ɗaya bai taɓa kammalawa ba. Gaskiya ɗaya ce, mai ɗaukar aiki ba yawan yarukan da ka taɓa yake ƙirgawa ba.

Mu fara da sabon hannu. Kamfani ya san ba ka iya komai ba, so yake ya ga ko za ka koyu ba tare da ka ɓata masa aiki ba. Na farko, ka riƙe yare ɗaya da kyau. Na biyu, ka iya Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wadda ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa kod, har mutum goma su yi aiki ɗaya ba wanda ya goge na wani. Na uku, ka san SQL, domin kusan kowace manhaja tana da rumbun bayanai a bayanta. Na huɗu kuma, wanda aka fi rainawa: iya karanta kod ɗin da wani ya rubuta, da bin diddigin kuskure har ka gano tushensa. Yawancin aikin sabon ma'aikaci gyaran abin da ya tarar ne.

To ina ChatGPT? Yi amfani da shi mana. Amma ranar intabiyu za a nuna maka layi a ce me ya sa ka rubuta shi haka. In ka kasa bayani, shi ke nan, an gane aron hannu ne.

Tsohon hannu kuwa, hukuncinsa ake saye. Ya tsara yadda sassan manhaja za su yi magana da juna, ya hango abin da zai faru in masu amfani sun ninka sau ɗari, ya san inda ɓarayin intanet za su iya kutsawa. Ya duba aikin na ƙasa da shi ya gyara musu ba tare da wulaƙanci ba. Wani lokacin ma ya ce wa shugabansa, wannan kada mu sake shi yau.

Ku tuna 19 ga Yulin 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, CrowdStrike, ya saki sabuntawa mai kuskure, kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 suka tsaya cak a ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani. Gwaji mai tsauri, da sakin sabuntawa kaɗan-kaɗan kafin ta kai ga kowa, da hanyar komawa baya in abu ya ɓaci, irin wannan tunanin ne ake biyan babba albashi mai tsoka dominsa.

Shi ya sa a ganina shekaru kaɗai ba sa mayar da mutum babba. Wani ya shekara bakwai yana maimaita abin da ya koya a shekarar farko.

In waya kawai gare ka, kada ka ce sai ka samu kwamfuta. A Android, Termux zai ba ka damar gwada Python da Git. Zaɓi ƙaramar matsala ta gaske, misali manhajar rubuta bashin shago ko lissafin adashi, ka kammala ta, ka ɗora a GitHub da bayanin yadda take aiki. Aiki ɗaya gamamme ya fi satifiket goma magana a gaban mai ɗaukar aiki.

Allah Ya ba mu sa'a.