Hasken Da Ke Tona Asirin Jabun Magani

Ran 28 ga watan Fabrairu, 1928, wani malamin kimiyya Ba'indiye mai suna C. V. Raman, tare da almajirinsa K. S. Krishnan, suka gano wani abu a birnin Kalkata wanda a yau ya shafi lafiyar talakan Nijeriya kai tsaye. Sun lura cewa idan aka haska wani abu da haske mai launi ɗaya, to ɗan kaɗan daga cikin hasken da ya warwatsu yakan dawo da launinsa a sauye. Dalili kuwa shi ne ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi kowane abu kullum cikin karkarwa suke, kowane sinadari da irin tasa, sai hasken ya ɗauko alamar wannan karkarwa. Watau kowane sinadari yana da nasa tambari kamar yadda kowane mutum ke da nasa zanen yatsa. A 1930 aka ba Raman lambar girma ta Nobel saboda wannan bincike.

Hasken da ke sauyawa bai wuce kamar kashi ɗaya cikin miliyan goma ba, shi ya sa aikin ya daɗe a hannun masana kaɗai sai bayan da aka ƙago hasken leza a 1960. Yau masu duwatsu suna rarrabe lu'ulu'u na gaske da na bogi da wannan dabara, masu bincike a asibitocin Kanada da Amurka suna gwada ta wajen gane iyakar ciwon daji a ƙwaƙwalwa ana cikin tiyata, har motar binciken da Amurka ta saukar a duniyar Mas a 2021 tana ɗauke da irin wannan na'ura. Duk wannan abin sha'awa ne, amma mu abin da ya dame mu yana nan kusa, cikin kwalin magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kimanin ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko kuwa maras inganci. Mu ba sai an gaya mana ba. A 1990 yara 109 suka mutu a ƙasar nan bayan sun sha ruwan farasitamol mai guba, kana a 2008 zuwa 2009 maganin haƙoran jarirai na My Pikin ya kashe yara 84. Duka biyun gubar iri ɗaya ce, wani sinadari da ya shiga a madadin na kirki tun wajen haɗa maganin. Irin wannan musanya ita ce na'urar Raman ta fi ƙwarewa wajen kamawa, don tana iya duba kayan haɗi ta bayan leda ko kwalba cikin minti guda ko ƙasa da haka, ba tare da an ɓata komai ba.

Hukumar NAFDAC ta cancanci yabo, zama tun wajen 2010 ta soma aiki da irin wannan na'ura ta hannu mai suna TruScan, tana cikin hukumomin farko a duniya da suka yi haka. Amma tilas mu faɗi gaskiya game da iyakarta, don kada jama'a su saki jiki. Na'urar kwatantawa kawai take yi: tana gwada tambarin ƙwayar da aka ba ta da na asali wanda aka riga aka adana a cikinta. In ba a sabunta wannan ma'ajiya, to sabon magani baƙo ne a gare ta. Bayan haka kuma, ta iya gane ƙwayar da aka cika da alli ko gari, amma wadda aka sa wa rabin ƙarfin da ya kamata tana iya wucewa salin alin. Wannan kuwa ita ce mafi mugunta, musamman a maganin zazzaɓin cizon sauro, domin majinyaci bai warke ba, cuta kuma ta koyi jure wa magani. Irin wannan sai ɗakin gwaji na sosai ke tabbatar da ita.

A namu ra'ayi, tun da aka tashi dillalan magani na Sabon Garin Kano zuwa sabuwar kasuwar Dangwauro a 2024, an sami damar da ba a taɓa samu ba, don kaya masu yawa da ke bazuwa Arewa har Nijar da Cadi sun koma bin ƙofa ɗaya. Ya kamata a ce kowane kaya ya sha gwaji kafin ya shiga, kuma a riƙa bayyana wa jama'a sakamakon wata-wata, tare da sunan abin da aka kama.

Muna kira ga Gwamnatin Tarayya ta wajabta wa kowane kamfanin magani ya miƙa samfurin asali kafin a ba shi lamba, ta kuma kai na'urorin bakin iyaka irin su Jibiya, Maigatari da Illela. Gwamnatocin jihohi su ma su saya wa manyan ɗakunan ajiyar magani na asibitocinsu, su ware kuɗin gyara tun cikin kasafi, kana su haɗa kai da sassan koyar da harhaɗa magunguna na jami'o'in Zariya da Kano don horar da ma'aikatan da za su riƙe su.