Jankwano Tasu Ce, Ina Tamu?



Duk lokacin da wani hoto ya fito na 'yan mishan suna raba hatsi ko magani a wani ƙauyen Musulmi, a Najeriya ko a Nijar, kun san abin da ke biyo baya. Kafin la'asar an tura shi kowane zaure na WhatsApp, an yi Allah wadai, an ce ana sayen imanin talakawa da shinkafa, wani ya ƙara da cewa makircin Turawa ne. Bayan kwana biyu ƙura ta lafa, kowa ya koma harkarsa. Matar da ta karɓi hatsin tana nan da yunwarta, kuma wata mai zuwa motar da za ta sake tsayawa a ƙofar gidanta ta mishan ce. Wannan ɗabi'a ta ƙorafi ba aiki ita nake so mu tattauna yau, domin ta fi 'yan mishan ɗin cutar da mu.

Mu mutanen Jos mun fi kowa rashin uzuri, saboda a garinmu aikin nan ya yi saiwa. Hedikwatar ECWA tana Jos, ta COCIN tana Jos. Kullum muna wuce gine-ginensu, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambayar yadda aka yi suka kai haka. A 1893 samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato yankinmu. A 1894 biyu suka mutu, Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake dawowa, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 ƙungiyarsa ta SIM ta samu wurin zama a Patigi. A 1904 wani Bajamushe, Karl Kumm, ya kafa tashar SUM ta farko a Wase. Daga waɗannan ƙananan mafarai aka samu asibitin Vom a 1922, asibitin ido na Kano a 1943, makarantun Gindiri, da asibitin Evangel na nan Jos a 1959, wanda kowa ya sani da Jankwano, yau kuma shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, su wa ke cika layin Jankwano? Je ka sashen masu yoyon fitsari, wanda ke aiki tun farkon shekarun 1990, ka saurari yaren da matan ke yi, ka dubi hijabansu. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, waɗanda aka aurar da ƙuruciya, naƙuda ta yi musu tsawo, miji ya sake su, dangi suka toshe hanci. Wanda ya ɗinke su ya mayar da su cikin mutane, shi muke zagi a waya. Ko da akwai abin da za mu zarge shi da shi, ai sai mun fara da jin kunya tukuna.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Ai kuɗin Turawa ne." Da farko haka ne, kuma har yau akwai tallafi daga waje. Sai dai wannan amsa ta tsufa. ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Tun kafin nan, a 1948, an kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa wadda yau ake kira EMS, kuma tana tura 'yan Najeriya aiki har ƙasashen waje. Mai sayar da tumatir a Farin Gada, malamar firamare, ɗan acaɓa, su ne ke jefa baiko ranar Lahadi, su ne ke cire kashi ɗaya cikin goma na abin da suka samu. Kuɗin yana shiga asusu mai suna, akwai ma'aji, akwai majalisa, akwai ranar karanta rahoto, ma'aikaci yana da albashi ko da kaɗan ne. Shugaba ya gama wa'adinsa ya sauka, wani ya hau, asibiti yana nan. Sirrin ke nan, kuma ba a ɓoye yake ba.

Yanzu mu tsallaka iyaka, domin a can ne abin ya fi ban kunya. A Galmi, cikin jihar Tawa a Nijar, SIM ta buɗe asibiti a 1950, kuma har yau marasa lafiya na zuwa can daga nesa, har da na wannan ɓangaren iyaka. A Danja kusa da Maraɗi akwai asibitin kutare tun shekarun 1950, daga baya aka ƙara masa sashen yoyon fitsari. A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan daga Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa a yankin Maraɗi suna mutuwa, har ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka datse sauran, itace zai tashi ba tare da an saye iri ko an yi ban ruwa ba. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa wannan dabara da rabon abinci, manoma suka gwada, suka ga gona ta gyaru, ga itacen girki, ga abincin dabbobi. Suka sa masa suna sassabin zamani. Yau ana ƙiyasta cewa kadada wajen miliyan biyar ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, kuma a 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood. Su wa suka amfana? Hausawa manoma, kusan dukkansu Musulmi. Mutum ya taso daga ƙarshen duniya ya shekara fiye da goma a cikin rana da ƙurar Maraɗi yana koyon Hausa, mu da muka sha ta a nono, muke da dangi a can, me muka kai musu?

Tambaya ce ta gaske. A 2005 da yunwa ta afka wa Maraɗi da Damagaram, duniya ta ga hotunan yara ƙashi da rai. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wuta, magani da abinci suka yi tsada har zuwa farkon 2024. A Facebook mun yi ta rubuta cewa Nijar da Najeriya ɗanjuma ne da ɗanjummai, mun yi ta addu'a. Wanda ya san wata ƙungiyarmu ta Jos da ta tara kuɗi a fili, ta kai, ta dawo ta karanta wa jama'a lissafi, ya rubuta sunanta a ƙasa mu yaba mata, mu kuma yi koyi.

Kada wani ya ɗauka ina cewa 'yan mishan ba su da manufa. Suna da ita, kuma ba su taɓa ɓoyewa ba: suna so mutane su karɓi addininsu. Da aka miƙa musu gidajen kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato a ƙarshen shekarun 1930, an yi ta takun saƙa da sarakuna a kan yi wa marasa lafiya wa'azi, musamman yara. Damuwar iyayenmu ba ta banza ba ce. Matsayina a nan a fili yake, kuma ina faɗa wa maƙwabtanmu Kiristoci shi cikin mutunci: duk taimakon da aka ɗora wa sharaɗin sauya addini zalunci ne, kuma ɗaukar yaro a canza masa addini ba da sanin iyayensa ba cin amana ne. Wannan hukunci ya hau kan kowa, har da mu idan mun je ƙauyukan maguzawa ko na wasu ƙabilu da buhun masara a hannu ɗaya, sharaɗi a ɗaya hannun. Babba mai hankali ya ji wa'azi ya zaɓa wa kansa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Mai yunwa kuwa ba a cinikin imani da shi.

Amma ko mun faɗi wannan sau dubu, ba za mu iya hana uwa karɓar maganin ɗanta ba. Wanda ya ce mata kada ta je Galmi, wajibi ne ya nuna mata inda za ta je. Idan ba shi da wurin, to shirunsa ya fi alheri. Kuma mu tuna inda zuga ke kaiwa. A Janairun 2015 an ƙone coci-coci da dama a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta yi a Faransa, alhali Kiristocin Nijar ba su zana komai ba. Mu a Jos mun ga 2001, mun ga 2008, mun ga 2010. Mun binne namu, sun binne nasu, gari ya rabu gida biyu, har akwai unguwannin da mutum ke tsoron shiga neman magani. Wanda ke tura saƙon "suna sace mana mutane" ba tare da hujja ba, wasa yake da ashana kusa da fetur.

Wani zai ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Ga Gangare, ga Unguwar Rogo, ga Rikkos da ambaliya ta cinye a 2012, ga almajirai a Bauchi Road, ina mu ina Nijar? Maganar tana da nauyi, amma a duba da kyau. Waɗanda suka gina Galmi su ne suka gina Jankwano. Hannun da ya saba bayarwa ba ya tambayar fasfo, wanda kuma bai saba ba, ko maƙwabcinsa ba ya gani. Sau nawa "gida bai ƙoshi ba" ta zama hujjar hana na waje, na gidan ma bai samu ba? Sannan Maraɗi ba dawa ba ce. Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi. Kakanninmu da suka zo haƙar kuza sun taso daga Kano, Katsina, Bauchi, Barno, wasu daga can ƙasar Faransi. Layin da Bature ya ja a takarda bai raba jini ba.

Ba talauci ne ya hana mu ba. Dubi yadda ake fitar da zakka a garin nan: a tara mutane a ƙofar gida cikin rana, a miƙa wa kowa abin da ba zai kai shi jibi ba, a ɗauki hoto. Shekara ta zagayo, su ne dai a layin. Dubi masu zuwa Umara kowane azumi, wasu karo na goma, kuɗin kujera ɗaya zai biya wa mata da yawa aikin tiyata. Ba na hana kowa ibada. Ina tambaya ne ko mun manta cewa addinin da ya wajabta zakka ya kuma koyar da waƙafi, tun rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'ar Madina.

Kuma Musulmi a wasu wurare sun yi. Dakta Hany El-Banna da abokansa sun kafa Islamic Relief a Birmingham a 1984 saboda yunwar da ta afka wa Afirka a lokacin, yau tana aiki a ƙasashe da dama. Dakta Abdurrahman Al-Sumait na Kuwait ya bar jin daɗin ƙasarsa ya ƙarar da rayuwarsa yana haƙa rijiyoyi da gina makarantu da gidajen marayu a Afirka. Gidauniyar Al-Basar tana da asibitin ido na Makka a Kano. A nan gida ma, a Jos aka kafa Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, ta bazu har Nijar da Kamaru da Gana, da makarantunta da 'yan agajinta. Jama'atu Nasril Islam tana nan tun 1962, ɗariƙu suna da dubban mabiya masu biyayya. Ashe mun iya tsari idan wa'azi ne ko maulidi ko taron ƙasa. Me ya sa idan aka zo maganar asibiti mai gado ɗari, sai a fara tambayar wane malami ne zai shugabanta, na wace ƙungiya ne, daga nan magana ta mutu?

Lokaci ma ba ya jiranmu. A 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a waje, ta rushe hukumar USAID, ƙasashen Turai ma suna rage nasu. Rijiyar da aka saba ɗiba tana ƙafewa, kuma wanda zai fara jin ƙishi shi ne talakan Gangare da na Tasawa.

Ga abin da nake kira gare shi, kuma bai fi ƙarfin wannan ƙungiya ba. A buɗe asusu ɗaya na waƙafi da rajista, da amintattu daga kowane ɓangare, har da mata, har da likita da akanta. Idan mutum dubu biyar suka ɗauki alkawarin naira dubu ɗaya a wata, miliyan biyar ke nan, miliyan sittin a shekara. A zaɓi aiki ɗaya a gida, ɗaya a ƙetare, kada a wuce haka a farko: misali biyan kuɗin tiyata da na mota ga masu yoyon fitsari a nan, da rijiya ko rumbun tsimi a wani ƙauye na Maraɗi ta hannun mutanen wurin. A biya ma'aikaci albashi, domin aikin "fisabilillahi" da ba a biya shi ne ke ƙarewa da hannu a cikin asusu. A liƙa lissafi a wannan shafi kowane wata, shiga da fita, har kuɗin fetur. Kada a sa hoton ɗan siyasa a buhu. Kada a tambayi mai buƙata addininsa ko ƙabilarsa. Idan Birom ce ko Ngas ta zo da ciwo, a yi mata kamar yadda aka yi wa namu a Jankwano. Idan kuma akwai abin da ba mu iya ba, mu je mu tambayi waɗanda suka shekara ɗari suna yi. Tambaya ba ta rage imani.

Wanda ya ga kuskure a maganata ya kawo gyara da hujja, ƙofa a buɗe take. Wanda kuma ya yarda, kada ya tsaya a "Allah ya saka da alheri". Ya zo taron wata mai zuwa da dubunsa a aljihu, ya kuma zo da sunan mutum ɗaya da ya amince a ba shi ajiyar kuɗin marayu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da Filato da Nijar lafiya, ya sa mu dace.