WASIƘAR AKAWU: SANƘARAU, DA WANDA KE BIYAN KUƊIN MAGANINSA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni a jaridarka mai farin jini, don in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan baƙon nan da kan sauka a ƙasarmu da rani ba sallama, wato sanƙarau. Ina so mu dubi halinsa, da yadda aka karya lagon wani kashi nasa, sa'an nan mu tambayi aljihun da kuɗin aikin ya fito, gama a nan ne maganar ta fi shafarmu.

Sanƙarau irin wanda kan zama annoba, wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Wani likitan ƙasar Ostiriya, Weichselbaum, shi ya gano ta a 1887. Mazauninta maƙogwaron ɗan Adam, har a kan sami mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita lafiya lau, yana raba ta ga jama'a ta tari da atishawa, shi kansa bai sani ba. Likitoci suna ganin ƙurar hunturu da bushewar iska su ke raunana maƙogwaro, har ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini, ta hau zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, wuya ya sanƙare, ido ya ƙi haske. In jariri ne, a kan ga maɗigarsa ta kumbura. Yaron da ya tashi da safe yana wasa, mai yiwuwa ne kafin wata safiyar a yi jana'izarsa. In ba a yi magani ba wajen rabin waɗanda suka kamu su kan rasu, waɗanda suka tashi kuwa, ɗaya cikin biyar ya kan tashi da tabo, ko kurunta, ko farfaɗiya, ko raunin hankali. Allah ya sawwaƙe.

Tun 1905 aka rubuta labarin annobar sanƙarau a ƙasar Arewa. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana iyakar yankin da cutar ta fi yi wa ɓarna, wanda a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya haɗa ƙasashe 26, daga Senegal har Habasha, mu da Nijar muna tsakiya. Cutar ta kan taso da hunturu, ta yi ƙarfi da bazara, ruwan sama na sauka ta lafa. Mafi munin wadda aka rubuta ita ce ta 1996 zuwa 1997, da ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe fiye da 25,000. A Nijeriya kaɗai, cikin 1996, fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya.

A cikin wannan annoba ne aka yi abin da har gobe ba a manta ba. Kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani, Trovan, a kan yara a Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon, rabi wani maganin da aka riga aka sani, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ne ba, kamfani ya ce cutar ce ta kashe yaran. Aka daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma amana ba ta sayuwa da dala. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma wannan tabo yana cikin dalilan da suka sa jama'a suka saurari jita-jita a 2003, sa'ad da aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano har cikin 2004. Ban kawo wannan don a ƙi bincike ba, gama ba magani a duniya da aka samu ba tare da gwaji ba. Na kawo shi don a san gwaji yana da sharaɗi: a gaya wa uba da uwa gaskiya da harshen da suke ji, su yarda ko su ƙi, kuma likitocin ƙasa su sa ido.

To, a wancan zamani akwai allurar rigakafi, amma ƙarfinta kaɗan ne. Kariyarta ba ta wuce shekara uku ko kusa da haka, ba ta kama jikin yaron da bai kai shekara biyu ba sosai, ba ta kuma korar ƙwayar daga maƙogwaro. Saboda haka sai annoba ta ɓarke tukuna a shiga neman allura, kafin ta iso an cika maƙabarta. An san hanyar yin wadda ta fi ta, har Ingila ta fara yi wa 'ya'yanta irinta a 1999, amma ta kashin da ke damun Ingila. Ƙwayar nan dangi-dangi ce, an raɗa musu haruffa, A da B da C da W da X da Y, mu kuwa a lokacin A ce ke kawo mafi yawan annobarmu. Manyan kamfanoni ba su ga riba a yi wa matalauta allura ba, sai aka bar mu.

A 2001 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da dala miliyan 70, aka haɗa Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH su nemo allurar kashin A. Shugaban aikin, Dakta Marc LaForce, ya fara da tambayar hukumomin lafiya na Afirka nawa za su iya biya. Aka tsaya a kan kada allura ɗaya ta wuce rabin dala. Masanan hukumar magunguna ta Amurka suka ba da dabarar haɗawa, kamfanin Serum na birnin Pune a Indiya ya yarda zai yi a kan wannan farashi, aka gwada ta a Indiya da Mali da Gambiya da Gana da Senegal. Ran 6 ga Disamba 2010 aka fara yin ta, da sunan MenAfriVac, a Burkina Faso, Mali da Nijar suka bi, Nijeriya ta fara a 2011. A Cadi, a yankunan da aka yi ta, sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin ɗari a 2012 in an gwada da inda ba a yi ba. Cikin shekara goma aka yi wa mutum fiye da miliyan 300, bayan 2017 kuwa aka yi shekaru ba a tabbatar da ko mutum ɗaya da kashin A ya kama a yankin ba. Mu akawuna aikinmu lissafi ne, ban kuwa san wani ciniki da ya kai wannan riba ba.

Amma da aka kori A, sai 'yan'uwanta suka ɗaga kai. A 2015 kashin C ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500. A 2017 ya faɗa wa Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu, aka ƙidaya fiye da 14,000, fiye da 1,100 suka rasu, allurar da ke ajiye a duniya kuwa ba ta wadatar ba. Tun kafin haka kuwa an riga an koma ɗakin bincike, wannan karo da kuɗin Gwamnatin Ingila. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabuwar allura mai kare kashi biyar, A da C da W da X da Y, a watan Maris 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta fari a duniya da ta yi amfani da ita, Nijar ta bi baya a wannan shekara.

To, jama'a, ku sake duba lissafin nan. Cutar tamu ce, matattun namu ne, amma kuɗin binciken na wani attajirin Amurka ne da baitulmalin Ingila, masana'antar ta Indiya, mafi yawan kuɗin sayen allurar kuma daga asusun Gavi na masu taimako. Mun gode musu ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. A Janairun 2025 Amurka ta sanar za ta fita daga Hukumar Lafiya ta Duniya, a Yunin shekarar ta ce ta daina zuba kuɗi a Gavi, Ingila ma a shekarar ta sanar za ta rage taimakon da take bayarwa. Mai abu ya fi ƙarfin mai roƙo, ba kuwa wanda zai kai su ƙara. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu, amma ƙasar da aka yi alkawarin a cikinta ta yi shekara ashirin da ɗoriya ba ta cika shi ba. Kada kuma a ce ba mu iyawa. Ɗakin allura na Yaba a Ikko ya yi shekaru yana haɗa rigakafin agana da na shawara, sai a 1991 aka rufe shi. A Zariya ma, a Jami'ar Ahmadu Bello, Dakta Brian Greenwood da abokan aikinsa sun yi bincike mai nauyi a kan sanƙarau cikin shekarun 1970.

Saboda haka ina da roƙo. Ga mahukunta, Allah ya ja zamaninku, a ware kuɗi kowace shekara, wanda ba a taɓawa, don binciken cututtukanmu, da ɗakunan awo da za su gane kashin da ya ɓulla kafin ya bazu, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ga malamai, Allah ya gafarta muku, kun fi ni sanin abin da addini ya ce game da neman magani da kuma garin da annoba ta sauka, kalmarku ɗaya a masallaci ta fi takardar hukuma ɗari. Ga malaman makaranta, ku koya wa yara alamun cutar, su kai gida. Ga iyaye kuma, in an zo allura a fito da yara, a rage cunkoso a ɗakin kwana, a bar iska ta shiga, in kuwa zazzaɓi ya haɗu da sanƙarewar wuya kada a jira gari ya waye, gama akwai magani a asibiti in an kai da wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a kan shekarar da take fata a ga bayan annobar sanƙarau. Ina so in ji ra'ayin masu karatu a wannan fili, musamman ma'aikatan baitulmali da na asibiti, a kan nawa ya kamata mu sa daga aljihunmu. Allah ya kiyashe mu da zuriyarmu, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naku,
Akawu